Wanda Zai Ja Ayari Zuwa Teku

Khomasdal, Windhoek
Agusta, 1997

Zuwa ga yayana, Boeta Hermanus,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da tumakinka da wannan gwiwar taka mara jin magana. Mu nan lafiya lau, sai sanyin da ya ƙi tafiya.

Na rubuto ne don ba ka ɗaukar waya, in ka ɗauka ma ihu kake yi kamar mai kiran awaki daga kan dutse. Mijina Izak ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aikin jirgin ƙasa, ya kuma rantse bana ba zai kwana a tanti a bakin teku ba. Ni ma bayana ya gaji da katifar iska. Abu biyu yake dubawa: ko ɗakin ja irin naka, wanda ake ƙulla wa mota a baya, ko mota mai ɗaki, wadda gado da murhu da banɗaki duk suna cikinta. Kullum yana kan tebur da hotunansu, har na fara mafarkin tayoyi.

Kai ka tsufa kana jan ɗaki zuwa Henties, can bakin teku. Ka faɗa mana gaskiya. Shi ba zai tambaye ka ba, ka san halinsa, amma in na karanta masa zai kasa kunne ko da yana yi kamar gyaran rediyo yake yi.

Maganar bara kuma, don Allah ka bar ta ta wuce. Ƙaramin abu ne, kowa ya manta.

Ka gaida ɗanka Stoffel da matarsa Lena da yara. Ubangiji ya kiyaye ka.

Ƙanwarka,
Fransiena

*

Gonar Doringpoort, Rehoboth
Satumba, 1997

Ƙanwata, Sussie Fransiena,

Na gaishe ki, na gaida gidanki har da kyanwa. Gwiwa tana nan, tumaki suna nan, ruwa ne bai zo ba.

Kin ce kowa ya manta. To, ashe ni ba na cikin kowa. Ke kina can wajen sayen ƙanƙara a lokacin, labari kika ji, shi kuwa labari in ya bi ta bakin miji sai ya rame. Gyara zama in ba ki shi da ƙibarsa.

Mun wuni a hanya, na shigo sansani rana tana cikin madubina. Karon farko ke nan da na je babu matata, marigayiya Magriet. Duk shekarun nan ita ke tsayawa a baya da tsumman goge kwano a hannu, in ta kaɗa shi dama in karya dama, in ta ɗaga shi in taka birki. Na sa ribas, na duba madubi, ba tsumma. Ɗaki ya naɗe mini kamar wuƙar aljihu. Na ja gaba, na sake, ya sake naɗewa. Mutane suka fara fitowa da kujerunsu da kofunansu, kin dai san mutanen sansani, kallon mai ribas ya fi musu majigi. Ban damu ba, da an bar ni a karo na uku zan shiga. Sai ga hannu ta taga. Mijinki ya kashe mini mota, ya zare makulli, ya kira ni kaka da ƙarfi yadda har na layin baya za su ji: "Oupa, sauko ka huta haka, kafin ka kwashe mana banɗakin jama'a!" Ya jefa wa Stoffel makullin kamar ana jefa wa kare ƙashi. Aka tuntsire da dariya. Washegari na ga jikokina sun ƙirƙiro wasa, suna tafiya da baya da baya suna faɗuwa, wai sunansa "ribas ɗin Oupa".

Tun ranar makullin akori-kurata yana aljihun Stoffel. Motata, gonata, amma in zan je gari sai na jira a kai ni kamar buhun masara. Kuma wa ya jawo mini? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa abin da ba shi da sitiyari. Jirgin ƙasa fa, Sussie! Ƙarfe ne ke yi masa kwana.

Kin san dokar gidanmu tun zamanin Pa, mahaifinmu. Babba shi ke jan ayari zuwa teku. Inda ya tsaya a nan ake shan kofi, shi ke zaɓar wurin sauka, shi ke kunna wutar farko ta gashin nama. Pa ya yi har idonsa ya mutu, na karɓa. Ni idona bai mutu ba.

Yanzu ga shawara, kuma gaskiya tsagwaronta zan faɗa. Ku sayi ɗakin ja. In kun isa, a kwance shi, a kafa rumfa, ke ki zauna a gidanki, shi ya ɗauki mota ya bi kifi duk inda ya ga dama. Mota mai ɗaki kuwa, in burodi ya ƙare, gida gaba ɗaya ne zai tafi kanti. Ga nauyi. Yashin bakin tekunmu ba ya son nauyi, kuma kifin kabeljou ba ya zuwa bakin titi ya gaida mutum. Kina tuna tatsuniyar kakarmu Ouma ta kunkuru? Yana ta alfahari wai shi ruwan sama bai taɓa kama shi nesa da gida ba. Dila ya ce masa, "Haka ne, amma ran da ka kife, da kai da gidan duk ƙafa sama za ku yi."

Ki karanta masa duka. Ki kuma tabbata ya san daga bakina ta fito. Ki ce, "Boeta Hermanus ya ce lallai ɗakin ja za ka saya." In bai ji ba ki maimaita.

Ubangiji ya bar mu tare.

Yayanki,
Hermanus

*

Khomasdal, Windhoek
Oktoba, 1997

Zuwa ga surukina, Swaer Hermanus Beukes,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da yayan matata, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya gwargwadon shekarunka.

Fransiena ta karanta mini takardarka har sau biyu. Ina sanar da kai cewa ta taimaka mini ƙwarai wajen yanke shawara, domin kafin zuwanta na fi karkata ga ɗakin ja. Ranar Juma'ar da ta wuce na sayi mota mai ɗaki. Fara ce, tana da gado biyu, da firji, da wurin wanka. Babban amfaninta shi ne ba ta da ƙugiya a baya, saboda haka mai ita ba ya zama abin kallo idan ya zo yin ribas.

Na biyu, mun tattauna da Stoffel. Tun da motata ta fi tsawo, kuma direbanta ya fi hango hanya, bana ni zan shige gaba. Stoffel zai biyo baya da akori-kura da ɗakinka. An tanadar maka kujera a cikin motata, kusa da taga, taku biyu daga banɗaki. Na yi la'akari da cewa wannan zai rage mana yawan tsayawa a hanya.

Game da sitiyari, ina tunatar da kai cewa na yi aikina har na gama ban taɓa sauka daga layi ba.

Naka da girmamawa,
I. J. Diergaardt

*

Gonar Doringpoort
Oktoba, 1997

Swaer Izak,

Na gaishe ka, na kuma taya ka murna. Allah ya sanya alheri, ya tsare ta daga bakin mutane.

Na karɓi kujerar da hannu biyu. Ni da nake tsoho, me ya fi mini zama kusa da taga in yi ta kallo? Kallo kuwa zan yi shi sosai.

Abu ɗaya kawai. Na ji masunta suna cewa bana kabeljou ya koma arewa, can bayan inda hanyar nan da aka daɓe da gishiri ke rabuwa da gaɓa. Kada ka kuskura ka kai sabuwar motarka wurin. Wurin masu akori-kura ne da suka san yashi, ba naka ba ne. Ka zauna a sansani da mata, in yara sun kamo za su sammaka.

Ka gaida ƙanwata.

Hermanus

*

Khomasdal
Janairu, 1998

Boeta,

Ina gaishe ka don Ma ta koya mini gaisuwa. Fatan kun isa gida lafiya.

Ban yi maka magana a hanyar dawowa ba saboda yara, amma yau sai na amayar. Na ɗauko takardunka na sake karantawa, wadda ka aiko mini da wadda ka aiko masa. "Ki maimaita." "Kada ka kuskura." Ni ce sakaryar da ta tsaya a tsakar ɗaki tana karanta wa mijinta tarko da bakinta! Ka san sarai in ka ce wa Izak gabas, yamma zai nufa ko da rami ne a can.

Makon farko na haƙura. Duk sanda za a sayo madara sai na kwashe kofuna na ɗaure tukwane, na fito da kujerata na zauna a fili kamar wadda aka kora daga gidan haya. Kana rumfarka kana kallona ta saman kofi.

Sai ranar nan. Na shiga banɗakin jama'a da safe don tankinmu ya ƙare, na fito da rigar barci da tawul a kai, babu gida. Wai ya ji kifi ya zo, ba zai jira ba. Kayana, takalmana, maganina, har haƙorana na roba da ke cikin kofi, duk sun tafi kamun kifi. Matan cocinmu suna wucewa suna "Ina kwana, Tannie Fransiena," ni kuwa ina rufe baki da tawul ina gyaɗa kai. Wannan laifin Izak ne, kuma ya ji daga gare ni.

Abin da ya biyo baya naka ne. Da wani masunci ya zo a guje ya ce motar ta nutse a yashi kuma teku ta fara cikowa, babu namiji mai mota a sansani, duk suna gaɓa. Stoffel ya tafi garin Swakop da motar matarsa. Akori-kurarka ce kaɗai mai sarƙa da katakai. Lena ta miƙo maka makulli, ka zuba hannuwa a aljihu. Ka ce, "Ni? Ai an ce ban iya tuƙi ba. Wanda ya zare shi ya zo ya mayar." Na ce, "Boeta, don girman Allah tashi." Da dasashi na roƙe ka, a gaban mutane. Ka ɗora wani ruwan kofi.

Sai da aka koma aka ɗauko Izak, wando jiƙe har cinya, ya karɓi makullin a hannun Lena ya sa maka a tafi. Hakan ma bai ishe ka ba, sai da ka kama kunne ka ce, "Me ka ce, Swaer? Ɗaga murya, tsufa ya taɓa mini ji." Ya ɗaga murya ya roƙe ka har na layin baya suka ji. Duk wannan lokacin ruwa yana tasowa.

Makaniki ya duba ta. Ruwan gishiri ya shiga inji, ya shiga wayoyi, ya kwanta ƙarƙashin daɓe. Ya ce ko an tashe ta, tsatsa za ta cinye ta daga ciki. Gumin Izak na dukan rayuwarsa ne wannan, kuma rabinsa nawa ne, don ni na yi ta dafa masa abincin tafiya ina renon yara ni kaɗai. Tana nan a tsakar gida. Da yamma sai ya shiga ya zauna a kujerar direba, ba ya kunna komai.

Ina so in ji abin da za ka ce.

Fransiena

*

Gonar Doringpoort
Fabrairu, 1998

Sussie,

Na gaishe ki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. An yi mana ruwa sau ɗaya, ciyawa ta ɗan leƙo.

Takardarki ta zo da zafinta, na sa ta a taga ta huce kafin na karanta. Kin ce tarko. Nuna mini kalma ɗaya ta ƙarya a cikin abin da na rubuta. Na ce ɗakin ja ya fi, ya fi. Na ce gida zai tafi kanti, ya tafi. Na ce kada ya je arewa, ya je. Ni dai na san rijiya na nuna wa mutum na ce kada ya faɗa. In kuma na san halinsa, to, sanin hali ba laifi ba ne, ke ma da shi kike zaune da shi.

Kin ga farkon abin, ba ki ga ƙarshensa ba, kuma na tabbata bai ba ki labari ba. Bari in ba ki.

Muka kama hanya yana gefena. Ya ga na tsaya a bakin yashi na fito ina rage iskar tayoyi, sai ya ce, "Swaer, lokaci fa!" Na ce, "Kai ka rage taka kafin ka shiga?" Ya kau da kai. Ashe da tayoyi cike tam ya afka, kamar mai shiga tasha. Da ta fara nutsewa kuma sai ya ƙara ba ta wuta, ta yi ta haƙa wa kanta kabari har ta zauna a kan cikinta.

Na hango ta daga kan tudu, fara fat, ta karkace gefe guda, igiyar ruwa tana zuwa tana marin ƙofarta tana komawa. Masunta sun taru, wasu sun gwada da igiyar roba ta tsinke. Wani dogo ya ɗauke ni tsohon kawu, ya ce mini, "Oom, ba a shiga nan ta gaba, sai dai da baya, kuma hanyar siririya ce. Ko in karɓa maka?" Na ce masa, "Yaro, riƙe mini hulata."

Sussie, na sa ribas. Tudu a dama, ruwa a hagu, tsakani bai fi faɗin motar ba. Ban duba kowa ba. Na gangara da ita a hankali kamar ana zura zare a allura, na tsaya daidai inda sarƙa za ta kai. Dogon nan ya buga cinya ya ce, "Kai! Oom gwani ne!" Muka tona, muka shimfiɗa katakai, na ce wa Izak, "Shiga ka riƙe sitiyari. Wannan zagayayyen abin da ke gaban kujera, shi ne." Masunta suka fashe. Na ja, ta yi nishi, ta fito tana zubar da ruwa ta ƙofa, tukunyarki mai ƙafa uku ta biyo ruwan ta faɗo. Aka yi ta tafi. Ban taɓa jin iskar teku ta yi daɗi irin na ranar ba, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Haƙoranki ni na nemo su, in kin manta. Suna cikin kofinsu a saman kabad, ko jiƙewa ba su yi ba.

Kin ce da na tashi tun farko da ruwa bai shiga inji ba. Wataƙila. Shi ma da ya bar hannunsa a waje da tagata bara, da duk ba a zo nan ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Zaman da kika yi da rigar barci bai yi mini daɗi ba, jinina ce ke. Amma in kina jira in yi kukan mota, za ki daɗe.

Saura magana ɗaya. Da muka dawo gona Stoffel ya sake karɓe makullin, yana huci. Wai ya yarda na iya tuƙi, abin da bai yarda da shi ba shi ne zuciyata. Ji yaron da na koya wa ɗaura takalmi! Ya ce ke aka ɓata wa, don haka maganar tana hannunki, ran da kika ce a ba ni zai ba ni. To, ki ce. An ƙwace mini wurina a gaban jama'a, na karɓo shi a gaban jama'a. Disamba mai zuwa ni zan ja ayari yadda Pa ya bar mini. Ku kuma ku zo da tantinku, zan zaɓar muku wuri mai kyau, inda iska ba ta dukansa.

Ki gaida Swaer, in yana karɓar gaisuwa.

Yayanki har gobe,
Hermanus

*

Khomasdal
Nuwamba, 1998

Boeta Hermanus,

Gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe ban amsa ba, ina sane.

Stoffel ya kawo mini makullin, ga shi nan cikin ambulan, na naɗe shi a takarda kada ya huda. Naka ne, ba mai sake karɓa. Ka ƙulla ɗakinka ka shige gaba, ka tsaya shan kofi duk inda ka so.

Mu bana ba za mu teku ba. Stoffel da Lena da yara duk a nan gidan za su yi Kirsimeti, mun gama magana. Yaran sun riga sun raba gadajen motar Izak a tsakaninsu. In ka duba madubi za ka ga hanya fayau, ba wanda zai dame ka.

In kuma ka ga teku ta yi maka faɗi, akwai kujera a tsakar gidana. Izak ne zai kunna wuta.

Ubangiji ya kai ka lafiya, ko ina ka nufa.

Ƙanwarka,
Fransiena